Wane injin wanki zan saya, kuma sai na haɗa da na busarwa?

Tambaya: Ina zaune a Kano, mu takwas ne a gida har da jaririya da surukata. Ruwanmu na burtsatse ne da muke turawa tanki, wuta kuma sai yadda ta yiwu, muna da ƙaramin janareta. Maigida ya amince a sayi injin wanki. Ƙawata ta ce in sayi mai ƙofa a gaba wanda yake wanki ya busar. Shi ne ya fi, ko akwai wanda ya fi dacewa da mu?

Hajiya, Allah ya sa albarka a abin da za a saya. Na daɗe ina gyaran waɗannan injina, kuma yawancin waɗanda ake kirana a kansu ba lalacewar banza suka yi ba, an kai su gidan da ba nasu ba ne. Don haka kafin ki je kanti, ki fara zagayawa bayan gida ki dubi tankinki, ki dubi janaretanki. Su biyun nan ne za su zaɓa miki inji, ba ƙawarki ba, ba kuma yaron kanti ba.

Bari in fara warware wani ruɗani, domin shi ke sa mutane asarar kuɗi. Abin da yawancin mutanenmu ke kira "diraya" a jikin injin wanki mai rami biyu ba busarwa yake yi ba, matsewa yake yi. Yana juya kayan da gudu ne ruwan ya fita ta ramuka, sai ki ɗauko su da ɗan danshi ki shanya. Injin busarwa na gaskiya wani abu ne daban: yana da abin zafi a ciki, yana hura iska mai zafi yana juya kaya har su bushe ƙarau. Na farkon ba ya cin wutar da ta kai ta dutsen guga. Na biyun kuwa ya kan ci wat 2,000 zuwa 2,700, wato kamar ki kunna dutsen guga biyu ki bar su awa biyu. Idan mai kanti ya ce miki "yana busarwa", ki tambaye shi: da zafi ko da juyi?

Injinan wanki da ke kasuwarmu iri uku ne. Mai rami biyu shi ne wanda kike zuba ruwa da kanki, da bokiti ko da tiyo, ki murɗa agogonsa ya yi minti goma sha biyar yana cuɗa, ki zubar da ruwan, ki sake zuba wani ki ɗauraye, sannan ki mayar da kayan ƙaramin ramin ya matse. Aiki ne da ke son ki tsaya a kansa. Amma ba ruwansa da ƙarfin famfo, ba shi da kwamfuta a ciki da wuta za ta ƙona, kuma motar wankinsa ba ta cika wuce wat 300 zuwa 450 ba, don haka ƙaramin janareta zai iya ɗaukarsa idan aka kashe firji. In an ɗauke wuta a tsakiyar wanki, ki sa hannu ki kwashe kayanki ki ƙarasa a baho. Abin da ke lalacewa a cikinsa sananne ne: kafasita, bel, agogo, sai robar da ke hana ruwa sauka kan motar matsewa. Duk ana samunsu a Sabon Gari, kuma kusan kowane mai gyaran fanka da ya san aikinsa zai iya taɓa shi.

Na biyu shi ne otomatik mai buɗewa ta sama. Ki zuba kaya da omo, ki danna, ki tafi harkarki. Shi zai ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Illarsa shan ruwa. Wanki ɗaya ya kan sha lita 100 zuwa 150, wato jarka huɗu zuwa shida ta 'yan garuwa. Ke da kike da burtsatse wannan ba zai dame ki sosai ba, sai dai ki tuna duk ruwan da ya hau tanki da wuta ko da fetur ya hau.

Na uku shi ne wanda ƙawarki ta ambata, mai ƙofar gilashi a gaba. Gaskiya ta faɗa ta wani ɓangaren: ya fi sauran fitar da dauɗa, ya fi lallaɓa tufafi domin ɗaga su yake yi yana saki maimakon ya murɗe su, ruwan da yake sha bai wuce jarka biyu zuwa uku ba, kuma yana matsewa da juyi 1,000 zuwa 1,400 a minti ɗaya, kayan su fito kamar an sha iska da su. Sai dai shi inji ne mai son gata. Yana son ruwa mai ƙarfi, wuta tsayayya, daɓe mai kyau, da omo mara yawan kumfa. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza, zai tsaya ya rubuta miki wasu haruffa a fuskarsa ya yi shiru.

A nan maganar tanki ta shigo, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Duk injin otomatik yana da wani ɗan bawul da ke buɗewa ruwa ya shiga, kuma ba ya buɗewa sosai sai ruwan ya zo da ƙarfi. Yawancin littattafan da ke zuwa da masu ƙofa a gaba suna neman ƙarfin ruwa daidai da na tankin da ya ɗara injin da mita biyar a tsaye, wasu ma har goma. Tankin da aka ɗora a kan ginin bulo mai mita biyu ko uku, kamar yadda muke yi a gidajen ƙasa, bai kai ba. Abin da zai faru shi ne ruwan zai riƙa ɗiga, injin ya jira ya gaji, ya nuna IE idan LG ne, ko 4E ko 4C idan Samsung ne. Na sha zuwa gida a ce min sabon inji ya lalace, in duba in ga lafiyarsa ƙalau, ƙishirwa ce kawai. Maganin shi ne ƙaramin famfo mai ƙara wa ruwa ƙarfi da ake sawa a bakin bututun injin, yana tashi da kansa idan ruwa ya fara gudu. Ki sa kuɗinsa da na mai haɗawa cikin lissafi tun farko. Sannan ruwan burtsatse yana zuwa da yashi. Akwai 'yar rariya a inda tiyo ke shiga bayan injin, a riƙa cire ta ana wankewa da tsohon buroshin haƙori duk wata ko biyu.

Wuta kuma matsalarta ba ɗaukewa kaɗai ba ce. Ɗaukewa da sauƙi, domin injina da yawa yanzu suna ci gaba daga inda suka tsaya idan ta dawo; ki tambaya ki tabbatar wanda za ki saya yana yi. Abin da ke kashe inji shi ne wutar da ke zuwa ba ƙarfi, da wadda ke dawowa da ƙarfin tsiya. Motar da aka ba ta wuta mara ƙarfi zafi take yi har wayarta ta ƙone, allon kwamfutar kuwa bugu ɗaya ya ishe shi, kuma kuɗin sabon allo ya kan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin injin gaba ɗaya, in ma an samu irinsa. Don haka otomatik ba ya zama ba sitabilaiza, ko aƙalla ɗan akwatin nan da ake sa wa firji, mai yanke wuta idan ta wuce ƙa'ida ya kuma jira 'yan mintuna kafin ya sake ta. Mai ƙofa a gaba yana da abin dafa ruwa mai cin wat 2,000 ko kusa da haka, ƙaramin janaretanki ba zai ɗauka ba. Za ki iya zaɓar wankin ruwan sanyi, a lokacin cinsa ya ragu sosai, amma fa wutar ƙananan janareta ba ta da tsafta, hawa da sauka take yi, kuma allon injin ba ya son haka. In kuna da sola, ki nemi inji mai motar inbata, domin tana tashi a hankali ba ta fizgar wuta, kuma a yi wankin da hantsi lokacin da rana ke ciyar da gidan, ba da dare a kan batir ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa yin shiru a kansa ba. Gidajenmu da yawa soket ɗinsu waya biyu ce kawai, babu ta ukun da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Injin wanki ruwa ne da ƙarfe da wuta a wuri guda, mai wankin kuma sau da yawa ba takalmi a ƙafarta, daɓen a jiƙe. Idan kin taɓa jikin inji kika ji yana ɗan jan ki, kada ki ce haka yake, ki kashe ki kira mai wayarin. Kuma kada a ja masa wuta da siririyar wayar nan ta ƙari da ake jona caja, a yi masa soket nasa a bango, sama da inda ruwa zai fallatsa.

To, ga hukuncina a kan gidanki. Da ni ne, babban mai rami biyu zan saya, kilo 10 zuwa 12, mai jikin roba mai kauri. Gida mai mutum takwas da jaririya wanki ne kullum, kuma wutar da ba ki san lokacin tafiyarta ba tana son injin da zai gama zagaye a minti goma sha biyar, ba wanda zai riƙe miki kaya awa ɗaya da rabi a bayan ƙofar da ta kulle da ruwa a ciki ba. Da mai rami biyu, a awa biyun da aka kawo wuta za ki iya gama wankin sati: farare su fara shiga, a ruwan omon nan masu launi su biyo, ana matse waɗancan ana cuɗa waɗannan. Idan kuma abin da kike gudu shi ne tsayuwar kanta, ga jego ga aiki ga girki, to ki ɗauki otomatik mai buɗewa ta sama tare da famfon ƙarin ƙarfi da sitabilaiza. Mai ƙofa a gaba ki bar shi sai ranar da kuka sa sola mai ƙarfi ko kuka koma layin da wuta ke zama.

Kilon da ake rubutawa a jiki nauyin busassun kaya ne, ba jiƙaƙƙu ba. Turmin atamfa bai kai kilo ɗaya ba, amma bargo mai kauri idan ya sha ruwa ya kan yi nauyin da zai sa injin tsalle. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce a bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye tsakanin kaya da saman ramin. Cusa kaya da yawa ba ya rage aiki: ba sa fita, bel yana saki, mota tana wahala.

Yanzu maganar busarwa. A Kano, daga Oktoba zuwa Mayu, rana da iska suna yi miki wannan aikin kyauta. Da hunturu kayan da aka matse a inji ba sa awa biyu a igiya. Matsalar hunturu ƙura ce, maganinta kuma a shanya da sassafe a kwashe da wuri, ko a ɗaura igiya a baranda. Lokacin da za ki ji da ma kina da injin busarwa bai wuce tsakiyar damina ba, musamman Agusta, idan aka kwana biyu ana yayyafi kayan jaririya suka ƙare. Ko a nan, a matse sau biyu, a shanya a ɗaki a kunna fanka, kafin la'asar sun bushe. Ki auna wannan da kuɗin inji, da cinsa: busarwa ɗaya a irin na gargajiya ta kan ci yunit uku zuwa huɗu ko fiye. Lokacin da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato layin da aka fi bai wa wuta, a watan Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200, kin ga kowace busarwa ta doshi naira 800 ko ta wuce, alhali wankin ruwan sanyi bai cin ko rabin yunit. Waɗanda ba sa kan wannan layin kuma ba su da wutar da za ta zauna awa biyu da ƙarfinta.

Ba wai ba shi da amfani ko kaɗan ba. Mai zaune a bene a Abuja da ba shi da tsakar gida, ko mai otal, ko asibiti, ko mai shagon wanki da guga da ke alkawarin kaya a yini ɗaya, waɗannan yana biyansu. 'Yan'uwanmu da ke Ingila ma dole ce ta sa su, domin can rana baƙuwa ce. Ga mai irin wannan buƙata, iri uku ne. Mai fitar da tururi ta bututu shi ne mafi araha da sauƙin gyara, amma sai an huda bango, in ba haka ba ɗakin ya koma kamar banɗaki bayan wankan ruwan zafi. Mai tara ruwan a wata 'yar kwalba ba ya son huda, sai dai yana ɗumama ɗaki kuma ƙarfinsa yana raguwa a wuri mai zafi. Na ukun yana aiki ne da kwampireso irin na firji, cinsa bai kai rabin na sauran ba, shi ne ma ya fi dacewa da sola, amma yana da tsada, yana da jinkiri, kuma yawancin masu ƙera shi sun ce a ajiye shi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ki tuna yadda Kano ko Sakkwato ko Maraɗi suke a watan Afrilu. Kowanne aka saya, a riƙa cire audugar da ke taruwa a rariyarsa bayan kowace busarwa, domin ita ce ke kama wuta.

Shi kuwa mai haɗa wanki da busarwa a jiki ɗaya, ki lura da lambobi biyun da ke jikinsa, misali 8/5. Ma'anarsu yana wanke kilo takwas amma biyar kawai yake iya busarwa, don haka sai kin kwashe wasu tukuna. Wanki da busarwa a jere ya kan ɗauki awa huɗu zuwa shida, kuma da yawansu ruwan famfo suke amfani da shi wajen sanyaya tururin, wato ko a busarwar ma ruwa suke sha. In wani ɓangare ya lalace, duka biyun sun tafi wurin mai gyara. Wanda ya sayar miki ba zai faɗi wannan ba.

Sai na hannu, waɗanda ake ce wa na Beljiyam. Akwai masu ƙarfi a cikinsu, amma a duba takardar da ke manne a baya. Wutarmu bolt 230 ce a kan bugu 50 a daƙiƙa ɗaya, daidai da ta Turai. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 120 ne a kan bugu 60, ko an sa masa taransifoma ba ya zama daidai. Kuma a sa mai sayarwa ya kunna shi ya kai matakin matsewa a gabanki. In kin ji ƙara kamar jirgi zai tashi, boris ɗin da ramin ke juyawa a kansa ya tafi, gyaransa kuwa kusan farfasa injin ne gaba ɗaya. Sabo kuma a karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi, a tambayi inda masu gyaran kamfanin suke a garin. LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost, Nexus, Midea, duk suna kasuwa. Ni abin da nake dubawa shi ne wanda kayan gyaransa ke kusa. Garantin shekara goma da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin wasu, na mota ne kaɗai, ba na allo ko famfon fitar da ruwa ba.

In ya zo gida, mai ƙofa a gaba yana da manyan kusoshi uku ko huɗu a baya da ke riƙe ramin saboda tafiya. Dole a kwance su kafin wankin farko. Na taɓa zuwa wani gida na tarar inji ya yi tafiya daga bango har bakin ƙofa ya tsinke tiyo, matar gidan tana ta salati tana cewa akwai abin da ke cikinsa. Kusoshin ne. Mai buɗewa ta sama kuma yana zuwa da wani faifan roba da ake rufe ƙasansa da shi, masu haɗawa sukan jefar da shi da kwali. Na ɓera ne. Ɓera yana son ɗumin cikin inji yana kuma son cin waya, kada ki bari a yar. Kada a ajiye injin roba a tsakar gida rana na dukansa, shekara ɗaya ta isa ya fara farfashewa.

Kayanmu na gida ma ba kowanne ke shiga ba. Shadda mai tsada ba ta son ruwan zafi ko matsa mai ƙarfi, ƙyallinta zai dushe, ta yi layi-layin da ko bugu ba ya gogewa. Ki bar ta a hannun mai wanki da ya san ta. Babbar riga mai aikin hannu, leshi mai duwatsu, da hula, kada su kusanci inji, wankin hula dai da buroshi da kwalba aka san shi. Atamfa a juya ta baibai, ruwan sanyi, a ware sabuwa a wankin farko don zuba. Dogon hijabi da mayafi suna nannaɗe sauran kaya su ƙulle, a sa su a jakar raga ko rigar filo a ɗaure bakin. Wuyan riga da hammata kuwa sai an ɗan goga sabulu da hannu tukuna, babu injin da ke fitar da su shi kaɗai. Aljihu a lalube shi: abin da nake cirowa daga famfon fitar da ruwa ya haɗa da fil ɗin hijabi, ƙwallon dabino, guntun asuwaki, 'ya'yan carbi, makulli. Omo kuma a rage hannu. Mun saba auna tsafta da yawan kumfa, amma a inji kumfa rage cuɗa take yi, ta bar fari-fari a jikin baƙin kaya, a mai ƙofa a gaba har ta toshe shi. Bayan wanki a bar murfi ko ƙofa a buɗe ya sha iska, in ba haka ba robar bakin ta yi baƙi ta fara wari.

Kayan jaririya da duk abin da najasa ta taɓa, ki fara wanke wurin a famfo kafin ya shiga inji, musamman a mai rami biyu da ake maimaita ruwa. A mazhabar Malikiyya najasa ba ta gushewa sai da ruwa tsantsa wanda sabulu bai canza shi ba, don haka ɗaurayar ƙarshe ta zama da sabon ruwa, har ya fita garau. Ruwan ɗaurayar nan kada ki bar shi ya bi kwata: ki tara a baho, ya isa wanke tsakar gida da banɗaki, ko ki fara wankin kaya masu duhu da shi.